Kurakuran da ke sa motar haibirid shan mai kamar kowace mota

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu neman mota suka koma tambayar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da batirin lantarki. Abin da ke gundurar mai sana'ar mota shi ne ƙorafin iri ɗaya ne kullum: an ce motar tana yin kilomita 25 ko 30 da lita ɗaya, ga shi ko 15 ba ta kaiwa. Sau da yawa motar ba ta da laifi. Ko dai lissafin da aka sayo ta a kansa ne gurgu, ko kuma riƙon da ake mata.

A fara da lambar da dillali ke nunawa a waya. Ɗauki Toyota Prius ƙirar 2010. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba ta mil 50 a galan, wato kimanin kilomita 21 a lita. A Turai an rubuta mata lita 3.9 a kilomita 100, wanda ya haura kilomita 25 a lita. A Ingila an ce mil 72 a galan, domin galan ɗinsu lita 4.55 ne, na Amurka kuwa 3.79, kuma gwajin ma daban. A Japan wani samfurinta ya samu kilomita 38 a lita a tsohon gwajinsu. Mota ɗaya, lambobi huɗu, kuma dillali zai zaɓo wadda ta fi daɗin ji. Duk waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin gwaji ake yin su, a ɗora tayoyin motar kan nadi, babu rami, babu ƙura, babu fasinja biyar da buhun shinkafa a but. Ita kanta EPA sai da ta gyara hanyar gwajinta daga motocin 2008, ta shigar da gudu mai yawa da kunna esi da yanayin sanyi, nan take Prius ta lokacin ta sauko daga mil 60 a cikin gari zuwa 48. Turai ma ta bar tsohon gwajinta ta koma sabon gwaji mai suna WLTP daga 2017. Ford kuwa sau biyu tana rage lambar C-Max Hybrid, daga 47 zuwa 43 a 2013, sannan zuwa 40 a 2014.

Gyaran a nan mai sauƙi ne. A nemi lambar Amurka ta bayan 2008, ita ce mafi kusa da gaskiya. A ninka mil a galan da 0.425, a samu kilomita a lita. Ni dai nakan zaftare kashi ɗaya cikin biyar daga abin da ya fito kafin in gaya wa mai saye abin da zai sa rai, saboda zafinmu da titunanmu da shekarun motar. Amfanin lambar shi ne kwatanta mota da mota, ba alkawari ba ce.

Sai masu dogara da abin da allon gaban direba ke nunawa. Yawanci yakan ɗan ƙara gishiri. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da mitar tafiya sifiri, a yi harkoki, a koma gidan mai ɗaya, famfo ɗaya in da hali, a sake cikawa. Kilomita 480 da lita 30, ka samu 16. A maimaita sau uku. Wanda ke sayen man dubu biyar biyar yana kallon allura ba zai taɓa sanin abin da motarsa ke sha ba.

Wani kuskuren shi ne sayen haibirid don doguwar hanya. Ribarta a cikin gari take, inda ake tsayawa ana tashi: injin ya mutu a danja, birki ya mayar da ƙarfin gudu cikin batir. Shi ya sa Camry Hybrid ta 2012 ta samu mil 43 a galan a gari, 39 a babbar hanya, akasin motocin da muka saba. A hanyar Kaduna zuwa Kano ana zuba 130, injin fetur ne ke aikin kusan duka, batirin ya zama kaya kawai. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa take yi: daga 90 zuwa 120 tana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin ɗari. Tsakanin 90 da 100 ne wurin zama.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona rai, domin shi ke cin kuɗi na gaske. Babban batirin yana da fanka mai hura masa iska, kuma daga cikin ɗakin motar take jawo iskar. A Prius ta 2010 zuwa 2015 ƙofar iskar tana gefen kujerar baya ta hannun dama. A tsofaffin Camry tana kan kantar da ke ƙarƙashin gilashin baya, daidai inda ake jibge kwalin tishu da huluna da dardumar salla. Mutum zai biya miliyoyi ya sayi mota, ya kai ta wajen mai ɗinkin kujeru a lulluɓe ƙofar da leda mai kyau, sannan ya zo yana cewa an cuce shi. Wa ya cuce ka? Ko ba a toshe ba, hunturu biyu sun isa ƙura ta danƙare fukafukan fankar, ta zama kamar an shafa mata laka. Batiri in ya ɗau zafi, kwamfutar motar takan rage abin da take karɓa da abin da take ba shi don ta kare shi. Sai injin fetur ya ƙi mutuwa a cunkoso, mai ya riƙa tafiya, mai motar kuma bai ga wata fitila ta kunnu ba. Alamun su ne ƙugin fanka daga baya, da layukan batir a allo suna cika da sauri suna zubewa da sauri. Ƙarshenta lambar P0A80 ta fito a na'urar bincike, ma'ana a sauya batir.

Haba jama'a, aikin awa ɗaya ne fa. A kashe mota, a cire kan ƙaramin batir mai volt 12, a buɗe murfin gefen but, a ciro fankar, a goge ta da buroshi mai laushi, a hure bututunta. Duk ƙarshen hunturu nake so a yi, ko da littafin motar bai ce haka ba, domin ba don Sakkwato ko Maiduguri aka rubuta shi ba. Wayoyi masu ruwan lemo kada wanda bai koya ba ya taɓa su. Batirin Prius volt 201.6 ne, yana kisa. Kuma masu kashe esi su zuge gilashi wai suna tattalin mai, su sani iska mai zafi da ƙurar da suke shaƙa ita batirin ke shaƙa. Esi yana shan mai, gaskiya ne, amma bai kai kuɗin batir ba. A nemi inuwa wajen fakin.

In batirin ya riga ya gaji, ana yawan ruɗin mutane da sauya ɗa ɗaya daga cikin 'ya'yansa 28, wato ƙananan batiran da aka jera a cikinsa. Motar takan lafa na ɗan lokaci, sannan wani ɗan ya faɗi, domin duk tare suka tsufa. Kafin a biya kuɗin mota ma, a sa na'urar bincike a kalli rukunan batirin 14, kowane rukuni 'ya'ya biyu, ana tuƙi. In tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni tana kusantar volt ɗaya idan an taka totur, a rage kuɗin batir daga ciniki ko a bar motar.

Na biyun da ke tayar da hankali aikin garejinmu ne. Bakanike ya saba cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. A haibirid wannan ɓarna ce tsagwaronta, domin kwamfuta ba ta yarda ta kashe injin sai ya kai zafin aikinsa. Ka hana shi ɗumi, ka hana shi hutawa, ka mayar da motar ta zama ta fetur zalla mai ɗauke da nauyin batir a banza. Haka zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka rubuta wa 0W-20 a murfinsa. Injin da ke mutuwa yana tashi sau da dama a tafiya ɗaya yana buƙatar man da zai zagaya nan take. Mai gyaran esi kuma in ya zuba man kwamfuresa na sauran motoci, to kwamfuresar nan ta lantarki ce, mai na musamman, ND-11, take so. Wancan man yana barin wuta ta zurara, motar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Sauran ƙanana ne. Giyar B ba ta caji ba ce kamar yadda ake yaɗawa, ta gangara ce mai tsawo irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos, a gari asarar mai ce. Sa N a cunkoso yana hana batir caji, a bar ta a D da ƙafa kan birki, in tsayuwar ta yi tsawo a sa P. Birki a fara shi da wuri a hankali, domin takawa da ƙarfi yana miƙa aikin ga takalman birki, ƙarfin ya tafi a zafi. Iskar taya a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, a Prius mai ƙafa inci 15 gaba 35 baya 33 a ma'aunin PSI, a auna da safe, ba a bar wa mai faci ya buga 50 da ido ba. Kada a bari mai ya ƙare ƙaf a ce za a lallaɓa da batir zuwa gidan mai. In babban batirin ya zube, shi ne mai tayar da injin, kuma tura mota ko haɗa waya da wata motar ba za su tashe ta ba.