Yadda za ka koya wa yara tarihin Cyclone Taylor

Ɗan'uwa, in kana nan Jidda da yara masu son zamiya a kan ƙanƙara, fara da kai su filin, su ɗaura takalmin, su ji wuyar tsayuwa. Sai a gida ka ɗauko labarin Fred Taylor, ɗan wasan hokin ƙanƙara na Kanada da ake wa laƙabi da Cyclone.

Buɗe taswirar Kanada a waya, nuna musu Ontario, inda aka haife shi a 1884. Bi da su zuwa Houghton a Amurka, inda ya fara wasan hoki don kuɗi, sannan Ottawa, inda ya ci Kofin Stanley, babban kofin gasar hoki, a 1909. Ka daɗe a kan Renfrew: ƙaramin gari ne a Ontario, amma ƙungiyar garin ta biya shi dala 5,250 a kakar wasa guda. Ni wannan ya fi burge ni.

Kada ka manta ka faɗa musu cewa a lokacin mutum bakwai ne kowane ɓangare, kuma na bakwai ba shi da gurbi, ko'ina yake shiga. A matsayin na bakwai ɗin nan Taylor ya yi fice a Vancouver, har ya sake ɗaukar kofin a 1915.