Yadda ake fitar da tsiron tumatir da tattasai waje ba tare da makon Ista ya kashe su ba

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, makon Ista, bikin da Kirista ke tunawa da tashin Yesu daga matattu, ya fi kowace cuta cin tsiron lambu. Kaka ta yi wata biyu tana renon tumatir da tattasai a bakin taga, sai ga 'ya'ya da jikoki za su cika gida cin abincin biki. Ana bukatar tebur, ana so a goge taga, ita kuma kusan kowane yamma tana coci wajen koyon waƙa. Ranar Asabar da hantsi sai ta kwashe tukwanen kaf ta jera a waje, wai su sha iska. Kafin a dawo daga sujadar Lahadi ganye ya yi fari fat kamar takarda, wasu sun kwanta ba su ƙara tashi ba. Na sha ganin wannan a wurin 'yan'uwana na ƙungiyar mawaƙa, musamman waɗanda sai bayan sun yi ritaya suka fara lambu. Ba zan tsaya bayanin yadda ake cika kofi da ƙasa ba, wannan kowa ya iya.

Mataki na farko: ki cire Ista daga lissafinki

Ista ba ta da tsayayyiyar rana. Ita ce Lahadin farko bayan daren da farin wata ya cika a ranar 21 ga Maris ko bayanta, tsarin da ake dangantawa da taron shugabannin coci da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325. Shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a 2025 ta kai 20 ga Afrilu, a 2027 kuma za ta koma 28 ga Maris. Wadda ta ce ai bara a makon Ista ta yi dashe kuma ya yi kyau, ta manta cewa tsakanin Istar bara da ta bana ana iya samun ratar mako uku.

Ranar da za ki riƙe ita ce wadda aka saba ganin raɓar ƙanƙara ta ƙarshe a yankinki. Hukumomin kula da yanayi da ofisoshin aikin gona suna fitar da ita, tsofaffin maƙwabta masu lambu ma sun san ta da ka. Matsakaicin shekaru ne, don haka ki ƙara mata mako ɗaya ko biyu. A Faransa manoma na da tsohuwar al'ada ta jiran ranakun 11, 12 da 13 ga Mayu su wuce, ranakun da suke kira na waliyyan ƙanƙara, kafin su fitar da duk abin da ba ya jure sanyi. Idan kuma wani ya kawo miki zancen mutanen Ayalan da Ingila da ke binne dankalin turawa ranar Juma'ar tunawa da mutuwar Yesu, ki tuna masa dankali a ƙarƙashin ƙasa yake, sai ya yi makonni kafin ya leƙo. Tumatir kuwa a fili yake tsaye, dare ɗaya na digiri 0 a ma'aunin Salshiyas ya ishe shi.

Mataki na biyu: ki ƙirga baya, sannan ki shuka

Daga waccan rana ta raɓar ƙanƙara ta ƙarshe ki ƙirga baya mako 6 zuwa 8, nan ne lokacin shuka tumatir a ɗaka. Tattasai da attarugu suna da nawa, su kan so mako 8 zuwa 10. Kokwamba da kabewa mako 3 ko 4 kawai, don ba sa son a daɗe da su a tukunya. Karas kada ma ki wahalar da kanki, kai tsaye ake shuka shi a ƙasa.

Sababbin shiga kullum gaggawa suke yi. Su shuka tun Janairu, zuwa Afrilu tsiro ya yi tsawo ya cika tukunya, ga shi waje bai yi ɗumi ba. Ƙaramin tsiro gajere mai kaurin kara ya fi wanda ya yi zangalangal, kuma yana kamo shi cikin 'yan makonni bayan dashe.

Ba sai kin sayi faranti mai ramuka ba. Kofunan yogot da kika huda gindinsu sun wadatar, in dai kin wanke su tas. Inda ba na yarda a yi tsumulmula shi ne ƙasa. Ki sayi wadda aka haɗa don renon iri, kada ki ɗebo ta lambu, don tana danƙarewa a kofi kuma tana ɗauke da naman gwarin da ke cin tsiro daidai wuyansa. Iri na son ɗumi kafin ya fito, wajen digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas ga tumatir, tattasai ma ya fi son sama da haka kaɗan. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai na iya kai mako uku, kada ki zubar ki ce irin ya mutu.

Da ya leƙo, haske ya zama komai. Taga kaɗai ba ta cika isa ba a watan Maris, fitila doguwa da aka rataya 'yan santimita sama da ganye, awa 14 zuwa 16 a rana, ta fi. Ruwa ta ƙasa ake ba shi: ki zuba a tire, kofi ya tsotsa, ki zubar da ragowar.

In kina son wani abu daga lambunki ya hau teburin biki, ki watsa irin latas a faffaɗar tukunya kamar wata ɗaya kafin Ista. Ƙananan ganyensa sun isa yanka a lokacin, kuma latas bai damu da ɗan sanyi ba.

Mataki na uku: sabar da su da waje

Nan ne ake asara, don haka nan zan daɗe.

Tsiron da ya girma a ɗaka bai taɓa haɗuwa da rana kai tsaye ba, gilashin taga yana tare wani sashe na zafin haskenta. Bai san iska ba, bai san dare ya fi rana sanyi ba. Fatar ganyensa siririya ce, karansa ruwa-ruwa. Idan aka fitar da shi kaɗan-kaɗan sai fatar ta yi kauri, kara ya yi ƙwari. Aikin na cin kwana 7 zuwa 10, ni na fi son mako biyu ga tattasai. Ganyen da rana ta riga ta ƙona ba ya komawa kore, sai dai a jira sabo.

Ki fara a ranar da sama ta ɗan lumshe, ba iska. Rana ta farko awa ɗaya ko biyu, a inuwa sosai, jikin bango inda iska ba ta kadawa. Ki sa ƙararrawa a waya, don mai tukunya a kan wuta ba ta tuna awa biyu sun cika. Rana ta biyu da ta uku ki ƙara awa ɗaya ko biyu, har yanzu a inuwa, ko ƙarƙashin bishiya inda rana ke ɗigowa ta tsakanin ganye. Daga rana ta huɗu su fara shan hantsi, ki janye su kafin tsakar rana. Kullum ki ƙara musu, har zuwa rana ta bakwai ko ta takwas su wuni a waje. Kwana a waje shi ne na ƙarshe, kuma sai zafin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, wato 50 a ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a Amurka.

Mutane rana suke tsoro, amma iska ta fi ta ɓarna cikin sauri. Ƙaramin kofi a fili yana bushewa cikin awa biyu. Ki taɓa ƙasar da yatsa kafin ki fitar, ki sake taɓawa in kin shigo da su. Idan kika ga sun yi laushi, ki mayar inuwa ki ba su ruwa, yawanci kafin yamma sun miƙe. A kwanakin nan ki rage ruwa kaɗan, ki dakatar da taki, amma kada ki bar su su yi yaushi da gangan. Akwai masu cewa wahala ce ke ƙarfafa tsiro, ni ban yarda da wannan ba.

Daren da ya kamata ki ji tsoro shi ne wanda sama ta washe, taurari suka fito ras, iska ta kwanta. A irin wannan dare ƙasa na sakin ɗuminta, raɓa na iya daskarewa a kan ganye ko da hasashen yanayi ya ce digiri 3 ko 4, domin a sama da ƙasa ake auna zafin iska, can ƙasa inda tsiron yake ya fi sanyi. In kin ga haka ki shigo da su, ko da kin riga kin sa kayan barci.

To yaya ake haɗa wannan da makon da ba ki da lokacin kanki? Daga Lahadin ganyen dabino, wato Lahadin da ke kafin Ista, abubuwa ke cakuɗewa: koyon waƙa da yamma, sujadar Jibin Ubangiji ranar Alhamis, ta Juma'a, ga girki da cefane ranar Asabar, ga fitar asuba ranar Lahadi. Dokata ita ce ba a fara sabar da tsiro daga Alhamis zuwa Lahadin Ista. Ko dai kin fara tun kafin nan, sun riga sun saba, ko ki bari sai Litinin. In kina tsakiyar aikin makon ya riske ki, ki tsaya a matakin da kika kai. Tsallake kwana ɗaya ko biyu suna ɗaka ba ya mayar da hannun agogo baya sosai, sai dai ki ɗan rage awanni ranar da kika ci gaba. Kada ki fita koyon waƙa ki bar su a waje da niyyar dawowa da wuri. Shugaban mawaƙa ba ya sallamar kowa da wuri a wannan mako, sai an maimaita baitin ƙarshe har murya ta dushe, ki fito ki tarar duhu ya yi, sanyi ya sauka.

Matsalar wurin ajiya kuwa, ki zuba kofunan duka a babban kwali ko kwandon wanki tun farko, ɗauka ɗaya ki fita da su, ɗauka ɗaya ki shigo. Ranar biki ki kai su ɗakin da baƙi ba sa shiga. Kwana biyu a ɗan duhu ba ya kashe tsiro.

Jikoki na da amfani a nan in kin san aikin da za ki ba su. Kada ki ba ƙaramin yaro butar ban ruwa, zai mayar miki da kofi tafki. Ki ba shi aikin shafa kan tsiron da tafin hannu a hankali, gaba da baya, sau da yawa. Wannan motsin na sa kara ya yi gajere da kauri, kamar yadda iska ke yi masa. Yaro zai shinshina hannunsa ya yamutsa fuska ya ce, "Kaka, hannuna wari yake." Ƙamshin ganyen tumatir ne, daga ƙananan gashin da ke jikin karan. Manyan ki ba su ɗaukar kwali da duba agogo, da yanko latas da almakashi ranar Lahadi. Abu ɗaya da za ki nanata musu: ba a kama tsiro ta kara. Ta ganye ake riƙewa. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murƙushe shi ke nan.

Kabeji, latas da albasa su ma suna bukatar wannan sabo, amma su da sun saba suna jure ɗan daskarewa, don haka ana iya dasa su makonni kafin tumatir. Kada ki haɗa su a kwali ɗaya, za ki ruɗe.

Tunda ana zancen Ista: furen lili da ake ƙawata coci da shi, wanda akan raba wa mutane bayan sujada, guba ne ga kyanwa. Ganyensa, furensa, har ƙurar furen na iya lalata mata ƙoda. In akwai kyanwa a gidan ki bar wa wata ta ɗauka.

Mataki na huɗu: dashe

Da yamma ake yi, ko ranar da rana ba ta fito ba. Ki jiƙa kofi awa ɗaya kafin nan, ki kifa shi a tafin hannu, tsiro ya fito da ƙasarsa. Tumatir ki cire ganyen ƙasa ki binne shi da zurfi, don karansa na fitar da saiwa duk inda ƙasa ta rufe. Tattasai daidai zurfin da yake a kofi. Ki bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tumatir, ki kafa sanda tun ranar, kada sai saiwa ta bazu ki soke ta. Ruwa sosai a gindi. Ki ajiye tsohon zanin gado a kusa don rufawa in sanyi ya dawo. Tattasai ki ƙara masa mako ɗaya ko biyu bayan tumatir, ƙasa mai sanyi na tsayar da shi cak. Ragowar tsiron da ba su sami wuri ba kada ki yi saurin rabarwa, ki riƙe uku ko huɗu na mako biyu, saboda dodon koɗi da tsutsar da ke yanke kara da dare.