Shawara ga maza masu fama da damuwa

'Yan uwa maza, wallahi wannan "ai namiji ba ya kuka" ɗin yana cinye mu a tsaye, mutum yana zaune a majalisa ana hirar ƙwallo alhali rabonsa da barcin kirki tun watan jiya.

Ku nemi mutum huɗu ko biyar da kuka yarda da su, ba duka majalisa ba, ku sa rana ɗaya a sati, ko bayan isha'i a zaure da butar shayi. A kife wayoyi. Kowa ya samu minti goma ya faɗi abin da ke cin shi, bashi ne, rashin aiki ko rigimar gida, ba katsewa, ba wa'azi, kuma don Allah kar a yi saurin cewa "kai dai yi haƙuri", a saurara tukuna. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya nan, ko madam kar ta ji. Wanda bai zo ba, a kira shi washegari.

Amma in wani ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ko ya koma shan ƙwaya, wannan ya fi ƙarfin zama, kar a bar shi shi kaɗai, a raka shi wajen likita, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato.