Kurakuran da Ke Kashe Addu'ar Safe

Shekara shida ke nan ina koyar da ajin masu shirin baftisma a ikilisiyarmu da ke Tudun Wada, nan Jos, kuma na gaji da jin magana ɗaya: "Malam, na fara da zafi, amma abin ya mutu." Ba Shaiɗan kaɗai ke kashe shi ba. Sau da yawa mu ne da hannunmu.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuya. Mutum zai fito daga sujadar shiga sabuwar shekara zuciyarsa na ƙuna, ya yi alkawari: tashi ƙarfe huɗu, addu'ar awa biyu, sauke Littafi Mai Tsarki kafin Disamba. Ni ma na yi. Surori 1,189 ne, wato uku zuwa huɗu kullum. Farawa da Fitowa, sura 90, na gama su cikin Janairu lami lafiya. Ina shiga Littafin Firistoci, ga dokokin hadaya bi da bi, ga sanyin Jos da ko yatsa ba ka son fitarwa daga bargo, sai na tsallake kwana ɗaya. Ɗaya ya zama uku, uku ya zama mako.

Nan na afka cikin na biyu, wanda ya fi yi mini ɓarna: na mai da karatun bashi. Kowace safiya sai lissafi, yau ana bi na sura ashirin, gobe ashirin da huɗu. Kunya ta hana ni ko durƙusawa. Wata bakwai Littafina na kan kabad, ranar Lahadi in kaɗe masa ƙura in rungume shi zuwa coci. A watannin nan ne tsohon fushina ya dawo, matata da yara suka sha shi. Har yau abin na yi mini ciwo.

Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, mai sayar da kabeji a Farin Gada, ita ta warkar da ni. Da na gaya mata, ta ce, "Ɗana, in ka kwana biyu ba ka ci tuwo ba, ran na uku malmala tara kake ci?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce, "To, je ka ci na yau."

Saboda haka ku ji ni da kyau, matasa. Ku daina ɗaukar Allah kamar mai bin ku kuɗin adashi! Wa ya koya muku haka? Makoki 3:23 ta ce jinƙansa sababbi ne kowace safiya. Ka faɗi jiya, ka buɗe inda ka tsaya, ka ci gaba.

Ni dai yanzu minti goma sha biyar nake yi: Zabura ɗaya, ayoyi kamar goma, in rubuta abu guda da zan aikata, sannan addu'a. Sabon tuba kuwa da Markus nake sa shi ya fara, sura 16 ce kawai. Wasu dattawa na cewa dole sai da asuba, don Yesu ya tashi tun da sauran duhu a Markus 1:35. Ina girmama su, amma nas da ta kwana a bakin aiki fa? Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana, abin da na ɗauka wurinsa shi ne tsayayyen lokaci.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Addu'a a kwance cikin bargo barci ce, ka sauko ka zauna a kujera. Tura aya a WhatsApp ba karatu ba ne. Wanda ya kai sha biyun dare yana kallo kada ya ce ƙarfe biyar ta ci amanarsa.

Waya kuma, na san akwai Littafi Mai Tsarki a cikinta, amma ni saƙonni sun sha sace mini lokacin. Tawa a kicin take kwana, ba na taɓa ta sai na ce amin.