Kurakuran da aka fi yi wajen dasa blakberi da rasberi a gida a Kumasi

A 'yan shekarun nan, a Aboabo da Asawase da Sawaba, ana ƙara samun masu kebe ɗan gefe a tsakar gida ko bisa bene suna shuka. Bayan tumatir da barkono, wasu sun fara sha'awar blakberi da rasberi, waɗannan ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe da jajaye da ake gani a bidiyon waya, ko a firjin manyan kantuna da tsadar gaske. Sai mutum ya kashe kuɗi, ya yi ta ban ruwa wata da watanni, shukar ta yi ganye shar amma ko fure babu, ko kuma ta bushe gaba ɗaya. Daga nan sai ka ji ya ce ba shi da hannun shuka. Abin yana damuna, domin galibi ba laifin hannu ba ne. Tun ranar sayen iri aka kuskure.

Blakberi da rasberi 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira Rubus, kuma yawancin irin da ake nomawa na ƙasashen sanyi ne. A can, shukar kan zubar da ganye ta yi barci a lokacin sanyi, kuma idanun da ke jikin karanta ba sa buɗewa su yi fure sai sun tara wasu awanni a yanayin da bai wuce digiri 7 ba. Jan rasberi na Turai yakan nemi awa 800 ko fiye. Blakberi ya fi sauƙi, amma shi ma yawancinsa sai da awanni ɗari biyu zuwa sama. To Kumasi fa? Tsayinta daga teku bai wuce kimanin mita 250 ba, kuma ko a tsakiyar hunturu, lokacin da muke ƙudundune da bargo da asuba, sanyin bai kusanci digiri 7 ba. Mu ne muke jin sanyi, shukar ba ta ji komai ba. Shi ya sa take tsayawa a ganye. Ko ka hau Kwahu ko Amedzofe, abin da za ka samu sauƙin zafi ne kawai, ba irin wancan sanyin ba.

Gyaran shi ne ka tambayi sunan iri kafin ka zaro sisi. Mai sayarwa da ya ce maka kawai "rasberi ne daga waje", ka bar masa kayansa. Wanda ya fi dacewa da zafinmu shi ne rasberin Mysore, ɗan asalin kudancin Asiya, wanda ake shukawa har a kudancin Florida ta Amurka inda ba a sanyin kirki. 'Ya'yansa baƙi-baƙi ne da ɗan fari-fari a kai, karansa kamar an shafa masa alli, ga ƙaya mai ƙugiya. A ɓangaren blakberi akwai Tupy, wanda aka samar a Brazil kuma manoman Michoacán ta Meziko suka yi suna da shi, sai Prime-Ark Freedom na Jami'ar Arkansas, wanda ya fito a 2013, ba shi da ƙaya, kuma yana yin 'ya'ya a kan sabon kara ba tare da jiran sanyi ba. Amma kada a ruɗe ka. Gonakin Meziko a kan tudu suke, kuma Prime-Ark idan zafi ya haura digiri 30 lokacin fure, 'ya'yan kan fito ƙanana ko a gurguje. Saboda haka ka fara da gindi biyu ko uku ka ga halinsu a gidanka. Jan rasberi na Turai kuwa, shawarata a haƙura da shi.

Kuskure na gaba shi ne sayen ƙwayar iri a 'yar leda ta intanet. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri, sai an kankare ta, an ajiye ta a sanyi na watanni kafin ta tsiro, kuma abin da ya tsiro ba lallai ya gaji uwarsa ba. Manoma ba sa bin wannan hanya. Tsiron da ya fito daga saiwa suke cirewa su dasa, ko su lanƙwasa kan kara su binne shi a ƙasa har ya yi saiwa, sannan su yanke. Idan kuma wani ɗan'uwa zai taho maka da dashe daga waje, a sani cewa shigo da shuka Gana yana buƙatar izinin sashen kare lafiyar shuke-shuke na Ma'aikatar Abinci da Noma. Dokar tana da dalili, cututtuka ta haka suke shigowa.

Akwai kuma waɗanda aka sayar wa malberi da sunan blakberi. Ganewa ba wuya: malberi bishiya ce, ganyenta ɗaiɗai ne, ba ta da ƙaya, shi kuwa blakberi kara ne mai ganye uku ko biyar a haɗe. Wanda ya samu kansa da malberi bai yi asara ba. A gaskiya, in don yara su samu abin tsinka ne, ita na fi ba mutum shawara a Kumasi: reshe kawai za ka yanka ka soka a ƙasa mai laima ya kama, kuma duk sanda ka rage mata rassa sai ta yi sabon toho da 'ya'ya. Sai dai a nisanta ta daga katanga da igiyar shanya, saboda saiwarta na yaɗo kuma ruwan 'ya'yanta na ɓata tufafi.

Yanzu ga inda ko masu iri mai kyau suke faɗawa, wato yankan kara. Gindin shukar yana daɗewa shekaru, amma kowane kara nasa wa'adin gajere ne. A yawancin iri, yakan fito ya girma, a zagaye na biyu ya yi fure ya ba da 'ya'ya, daga nan ya mutu. Mutane kashi biyu suke a nan. Akwai mai jin tausayin shuka, ba ya yarda a taɓa ta da wuƙa, har tsofaffin karare su cushe wuri, iska ta daina ratsawa, ruɓa da ƙwari su samu mazauni. Akwai kuma mai son tsabta, wanda da ya ga ta yi duhu sai ya sa adda ya share duka, har da sabbin kararen da za su ba shi 'ya'yan gaba. Shi ne za ka ji yana cewa shekara biyu bai ga komai ba.

Abin yi shi ne ka san kararenka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gama ba da 'ya'ya, jikinsa ya yi ruwan ƙasa, ka yanke shi daga tushe ka fitar da shi daga lambun. A cikin sabbin ka zaɓi huɗu zuwa shida masu kauri ka bari, siraran ka cire. Sabon kara idan ya kai kamar mita ɗaya da 'yan kai, ka tsinke kansa da yatsa don ya fitar da rassan gefe, domin a kansu 'ya'ya suke fitowa. Tunda mu ba mu da sanyin da zai raba mana shekara, kada ka bi kalandar da ka gani a bidiyon Turawa. Ka bi karan kansa. In kana tsoron ruɗewa, ɗaura ɗan tsumma a jikin duk wanda ya yi fure. Sannan a kafa gora biyu a ja waya tsakaninsu a ɗaure kararen, kada a bar su kwance a ƙasa. Mysore musamman, duk inda kansa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, ya riga ya zama annoba a Hawaii da tsibiran Galapagos, don haka kada a jefar da yankakkensa a bakin kwata ko fili.

Masu Tupy suna iya gwada dabarar manoman Meziko a saukake: idan karare sun nuna, a rage ruwa, a tsige ganyen, a datse kawunan rassa, sannan a dawo da ruwa da taki. Wannan girgizar ce take maye gurbin barcin sanyi ta tayar da idanun.

Batun ruwa yana kashe da yawa. Saiwar waɗannan shuke-shuke a sama-sama take, ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. A babbar daminarmu, musamman Mayu da Yuni, jar ƙasa mai danƙo takan riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi yaushi. Mai shi sai ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa. Kafin ka zuba, soka yatsa a ƙasar tukuna. A ɗaga kunya ta kai kamar taƙi ɗaya ko fiye, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi. Mai shuka a mazubi ya nemi wanda ya kai lita 20, ko galan ɗin Kufuor da aka yanke kansa ya isa, amma a huda ƙasansa da kyau a ɗora kan bulo. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na tsotse laima, mazubi na iya neman ruwa kullum. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa.

Ina roƙon iyayenmu mata da wani abu guda: kada a zuba ruwan wanki a gindinta, kada kuma a juye mata tokar murhu. Shukar tana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH tsakanin 5.5 da 6.5, sabulu da toka kuwa suna kashe wannan tsamin, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Mai fili babba zai iya kai samfurin ƙasarsa Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso a auna masa. Ɗanyen kashin kaji shi ma yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a tare ya huce. Kuma a guji wurin da aka cire tumatir, barkono ko yalo kwanan nan, domin akwai cutar yaushi da suke bari a ƙasa wadda take kama rasberi.

Littattafai suna cewa a dasa a cikin rana sosai. Ranar Ingila suke nufi. A nan, ranar safe zuwa wajen azahar ta wadatar, bayan haka inuwa. Gabashin ɗaki ya fi yammacinsa, kuma a nisanci jikin kwano da simintin da ke mayar da zafi. Idan ka ga wasu ƙwayoyi a jikin ɗan sun yi fari, rana ce ta ƙona su.

Tsinka ma akwai ganganci a ciki. Blakberi ja ɗanye ne. Ko ya yi baƙi, in yana ƙyalli da sauransa, sai ƙyallin ya dusashe kuma ya biyo hannu ba tare da an ja ba. Rasberi idan ya nuna yakan zame ya bar farin ƙoƙonsa a jikin reshe, cikinsa ya zama rami, shi kuwa blakberi da nasa yake fitowa. Dukansu ba sa ƙara zaƙi bayan an cire, ba kamar ayaba ko mangwaro ba. A tsinka da sanyin safiya a faranti mai faɗi, kada a tara su a kan juna, kada a wanke sai za a ci. A zafin Kumasi ba sa kwana lafiya a waje, a firji ma kwana biyu ko uku ne. In tsuntsaye sun riga ka ganewa, tsohon gidan sauro ya isa a lulluɓe kararen, amma sai bayan fure ya zube, don ƙudan zuma su gama aikinsu.