Yadda Ake Haɗa Jadawalin Gantt a Excel da Manhajojin Tsara Ayyuka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini ya san cewa wata rana mai aikin zai tambaye shi, "To yanzu yaushe za a gama?" Jadawalin Gantt hanya ce ta amsa wannan tambaya a kan takarda guda: ana jera ayyukan a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, a jera ranaku a sama daga hagu zuwa dama, sannan kowane aiki ya samu sandarsa a kwance wadda tsawonta ke nuna kwanakin da zai ɗauka. Sunan ya samo asali ne daga Henry Gantt, injiniya ɗan Amurka da ya yaɗa amfani da irin wannan zane tsakanin 1910 da 1915, duk da cewa Karol Adamiecki, wani injiniya ɗan ƙasar Foland, ya riga shi ƙirƙirar makamancinsa tun 1896.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, rana ɗaya tak ya kamata a rubuta da hannu a jadawalin, wato ranar fara aikin farko. Sauran ranakun duk lissafi ne zai fitar da su, kowace tana rataye da wadda ta gabace ta. Na taɓa ganin jadawali mai launuka an manna shi a bangon wani ɗakin ajiyar siminti a wurin gini, wanda aka shafa wa kowane gida launi da hannu. Da rodi ya makara da kwana tara, babu wanda ya iya zama ya sake shafa gidajen ɗaya bayan ɗaya, sai takardar ta ci gaba da zama a bango tana shan ƙura, leburori na rubuta lissafin buhuna a bayanta.

Mu ɗauki misalin gina ajujuwa biyu. A buɗe Excel, a ware layukan tsaye guda biyar: A don sunan aiki, B don ranar farawa, C don yawan kwanakin aiki, D don ranar gamawa, E kuma don jimillar kwanakin kalanda. A layin A a jera ayyukan yadda suke zuwa: share fili, haƙa harsashi, zuba kankare, ɗora bulo zuwa linta, ɗaura katako da rodi, zuba dakin (wato rufin kankare), filasta, jan waya, fenti. Kwanakin da za a sa a layin C kuwa, magini da kafinta za a tambaya, domin su ne suka san iya abin da hannunsu ke yi a yini. Idan aiki ɗaya ya wuce sati biyu, gara a raba shi biyu, don a iya gane ya makara tun ana da sauran lokacin gyarawa.

Kafin a ci gaba, akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Excel yana ajiye kowace rana a matsayin lamba, yana ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900, saboda haka 5 ga Janairu 2026 a wurinsa 46027 ce. Idan kwamfutar tana kan tsarin Amurka, wanda ke sa wata gaban rana, to wanda ya rubuta 5/1/2026 yana nufin Janairu zai samu 1 ga Mayu. A sauya fasalin gidan da aka rubuta ranar a ciki ya riƙa nuna sunan wata da harufa, nan take kuskuren zai bayyana.

A rubuta 5 ga Janairu 2026, wadda ta kama Litinin, a gidan B2, wato inda layin B ya haɗu da layin kwance na biyu, a sa 3 a C2. Don ranar gamawa, a rubuta wannan a D2:

=WORKDAY.INTL(B2,C2-1,16,Hutu!$A$2:$A$15)

Lamba 16 tana gaya wa Excel cewa Juma'a ce kawai ranar hutu. Inda ma'aikata ke hutawa Lahadi sai a sa 11, inda kuma Asabar da Lahadi ne a sa 1. Kashi na ƙarshe yana nuni ne ga wani shafi da za a buɗe a raɗa masa suna Hutu, a jera ranakun da ba za a yi aiki ba, kamar na Sallah Ƙarama da Babba. Tunda ganin wata ne ke tabbatar da waɗannan ranaku, a fara sa na kirdado, idan an yi sanarwa a gyara su a wuri guda, jadawalin zai daidaita kansa. Ina kuma ba da shawarar a ba Sallah kwanakin da ma'aikata ke ɗauka a zahiri, domin leburan da ya tafi ƙauye ba kasafai yake dawowa ranar da hutun gwamnati ya ƙare ba.

Ranar fara aiki na biyu, a B3, ita ce ranar aiki da ta biyo bayan gama na farko:

=WORKDAY.INTL(D2,1,16,Hutu!$A$2:$A$15)

Share fili zai ƙare Laraba 7 ga wata, haƙa harsashi ya fara Alhamis 8, kuma idan kwana biyar aka ba shi zai kai Talata 13, saboda an tsallake Juma'a. Kwanakin aiki biyar ke nan amma na kalanda shida, abin da ya sa ake buƙatar layin E, inda za a rubuta =D3-B3+1 a E3. Idan aiki yana jiran abubuwa biyu, kamar fenti da ba zai yiwu ba sai an gama filasta da jan waya, a sa MAX(D8,D9) a madadin rana guda, don Excel ya ɗauki wanda ya fi jinkiri. Dakin kuma yana da nasa hukunci: kankare ba ya sanin Juma'a, yana ci gaba da ƙarfi ne kullum, kuma a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Idan injiniya ya ce a bar katakon kwana 21, sai a ƙara 21 kai tsaye a kan ranar gama zubawa, wato D7+21, kafin a lissafa farkon aikin da ke biye. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar yawancin ofisoshin Nijar, za su tarar sunan wannan lissafi SERIE.JOUR.OUVRE.INTL ne, kuma waƙafi mai ruwa ake sawa a madadin waƙafi.

Zanen kansa akwai hanya biyu ta fitar da shi. Ta farko ita ce a zaɓi layin A da B, a shiga Insert a ɗauki Stacked Bar, a ƙara layin E a matsayin jeri na biyu, sannan a cire wa sandunan jeri na farko launi ta hanyar No Fill don su ɓace, su bar na biyu a rataye a daidai ranakunsu. Za a ga ayyukan sun juye, na ƙarshe yana sama, sai a danna Categories in reverse order. Za a kuma sa 46027 a matsayin mafarin ma'aunin ranaku, da tazarar 7 don ya riƙa tafiya mako-mako.

Ni dai na fi son hanya ta biyu, domin ta fi sauƙin gyara kuma tana aiki a Google Sheets ba tare da canji ba. A rubuta =B2 a G1, a rubuta =G1+1 a H1, a ja shi zuwa dama har ƙarshen aikin, a kuma matse faɗin layukan. Daga nan a zaɓi dukkan filin da ke ƙarƙashin ranakun, daga G2, a shiga Conditional Formatting a ba shi wannan ƙa'ida tare da launin da ake so:

=AND(G$1>=$B2,G$1<=$D2)

Alamar dala tana da muhimmanci a nan, domin ita ce ke riƙe layin ranaku a sama da layukan farawa da gamawa a gefe, kuma mantawa da ita shi ne ke sa launi ya watse ko'ina. Ƙa'ida ta biyu, =G$1=TODAY(), da jan launi, za ta nuna inda aka kwana kullum aka buɗe fayil ɗin.

Idan ayyukan sun kai hamsin ko fiye, ko ƙungiyoyi da yawa na aiki lokaci guda, Excel zai fara wahalarwa, sai a koma manhajar da aka yi domin wannan, irin su Microsoft Project, ko ProjectLibre da GanttProject waɗanda kyauta ne. A Microsoft Project a fara da gyara kalandar aiki a Change Working Time, a kuma mayar da ayyukan kan Auto Scheduled, in ba haka ba ranakun ba za su motsa da kansu ba. Alaƙar ayyuka ana rubuta ta ne a layin Predecessors: 3FS na nufin sai aiki na uku ya ƙare wannan zai fara, 3SS na nufin su fara tare, 6FS+21ed kuma na nufin a jira kwanakin kalanda 21 bayan gama na shida.

Babbar ribar waɗannan manhajoji ita ce suna fitar da jerin ayyukan da ba su da rarar ko kwana ɗaya, dabarar da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1950. A misalinmu, jan waya zai iya makara da 'yan kwanaki ba tare da ya taɓa ranar miƙa makulli ba matuƙar filasta ta fi shi tsawo, amma jinkirin kwana ɗaya a ɗora bulo jinkirin dukkan aikin ne, kuma wanda ke son rufe gini kafin damina ta kankama ya san a kan wane aiki zai tsaya da kansa.

Da zarar an amince da jadawalin, a adana asalinsa kafin a sa fartanya a ƙasa, ta Set Baseline a Project, ko ta kwafe layin B da D a liƙa su a gefe a matsayin lambobi zalla a Excel. Daga nan a tsayar da rana guda kowane mako, misali yammacin Alhamis, a zagaya wurin tare da shugaban magina, a gyara kwanakin layin C su dace da abin da ido ya gani, sannan a kwatanta sabuwar ranar gamawa da ta asali kafin a aika wa mai aikin.