Ka gaji tsohuwar a-kori-kura? Kar ka kashe ta da hannunka

Da Baffana ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da ya faɗo a kasona shi ne tsohuwar Fijo 504 ɗinsa a-kori-kura, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa haɗawa, kamfanin da ya fara fitar da motoci tun 1975. Ta kusa shekara uku a ajiye a ƙarƙashin darbejiya, kaji har ƙwai suke saka wa a bayanta. Yanzu dai tana aiki, kullum ranar kasuwa tana kan hanya, amma kafin mu kai nan na yi wauta iri-iri, wasu kuma a gareji na gani a wurin wasu.

Kuskuren farko ma ba na gareji ba ne. Mutum ya ga mota a ƙofar gida, shi ne babba ko shi ne ya iya tuƙi, kawai sai ya fara zuba mata kuɗi alhali ba a raba gado ba. Malam motar nan ta magada ce gaba ɗaya, har da mata da ƙananan yara, sai an yi mata kuɗi an san kason wa ta faɗa. Ka sa sabon batir da tayoyi huɗu, ranar rabo a yi mata kuɗi da gyaranka a ciki, ka ga rigima ta tashi. Ka bari a gama, a rubuta, shaidu su sa hannu, sannan ka je ka canza sunan mai mota a takardu ka sabunta fatikula da inshora, domin ɗan bi'ayo ba ruwansa da cewa ta marigayi ce.

Sai zumuɗin tayar da ita. Wannan ni na yi shi. Na aro batir na ɗaura na dinga murza makulli, da ta ƙi sai na tara yaran unguwa a tura. Motar da ta daɗe a tsaye duk baƙin man ya gangara ƙasa, saman injin a bushe yake ƙamas, fetur ɗin da ke tanki kuma ya lalace ya zama kamar ƙaro, kana murzawa kana tura wannan dattin cikin kafireto. Abin da ya kamata shi ne a juye tsohon fetur a wanke tanki, a zubar da baƙin mai a canza shi da filtarsa, a kwance fulogai a ɗiga ɗan mai a kowane rami, sannan a sa sifana a juya injin da hannu a ji ko yana juyawa lafiya. In ya cije kar ka matsa masa, kira bakanike. Ka duba ƙarƙashin bonet da kyau kuma, ɓeraye suna son wayoyi.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi ɓarnar kuɗi: fenti. Mota ta tashi yau, gobe tana wurin fenta, an sa mata sitika, an rubuta "Gadon Baba" a baya, an sa rediyo mai ƙara, birki kuwa sai an taka sau uku yake kamawa. Man birki yana shan ruwa da kansa in ya daɗe, robobin ciki kuma suna bushewa su tsage, saboda haka a zubar da shi duka a sa sabo, a duba tiyo-tiyon da ke zuwa ƙafafu. Taya ma haka, kar zanenta ya ruɗe ka wai ai bai cinye ba. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2315 to an yi ta a sati na 23 na 2015. Tayar da ta sha rana shekara da shekaru a tsaye, kana ɗora mata kaya a kan kwalta mai zafi za ta fashe.

Maganar zafin inji ita ce zan fi daɗewa a kai don ita ta ci min kuɗi. Injin 504 ƙasansa baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyom, in ya yi zafi sosai kan yana lanƙwashewa gaskit ya ƙone. Lagireton tawa a toshe yake da tsatsa saboda Baffa ruwan rijiya yake zuba mata, ni kuma ban wanke ba, agogon zafin ma ba ya aiki ban damu ba. Ranar nan na ɗauko masara, ina cikin tafiya sai tururi, na tsaya na buɗe bonet na kwara mata ruwan sanyi jarka guda. Wallahi har yau in na tuna ƙarar da ta yi sai na ji kunya. Washegari na zaro sandar gwada mai na ga baƙin man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai ke nan. In mota ta yi zafi ka kashe ta ka nemi inuwa ka zauna, kar ka buɗe murfin lagireto, kar ka zuba komai sai ta huce. Tun farko kuma a wanke lagireto, a canza fanbel da tiyo, a gyara agogon nan, kuɗin wannan duka ba komai ba ne in ka kwatanta da buɗe inji.

Kuma in har ta kai ga buɗewa, ka nemi dattijon bakaniken da ya san Fijo. Silindojin injin nan zura su ake yi, kowanne da abin toshe ruwa a gindinsa, in aka cire kan injin sannan yaron gareji ya juya shi ba tare da an danne su ba sai su motsa, a ɗaure komai a gama ruwa ya ci gaba da zuba cikin mai, ka sake biyan kuɗin aiki. Yaran yanzu da yawa a kan motocin kwamfuta suka koyi aiki, wani bai taɓa saita kwantak ba, abin da ke sa fulogai su ba da wuta a tsofaffin motoci. Ba laifinsu ba ne, amma kar motarka ta zama allon koyo.

Kayan gyara kuwa, in za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tafi da tsohon a hannunka a gwada, kar ka je da baki kawai. Kuma kar ka yar da na asali don an ce ga sabo a kwali mai sheƙi, sau da yawa tsohon kafireto ko kikistata in an wanke an canza ƙananan kayan ciki ya fi sabon jabu daɗewa. Akwai kuma masu cewa a zuba mata baƙin mai na zamani mai tsinkakken ruwa irin na sababbin motoci, tsohon inji mai kauri yake so kamar 20W-50, in ba haka ba sai ka ga tana ɗiga tana hayaƙi. Fiyus in ya ƙone a sa fiyus, rewaya ya ce bari ya naɗa waya kawai ka ce a'a, haka motoci ke kamawa da wuta.

Lodi. Ƙarfinta wajen tan ɗaya ne, buhun masara goma ke nan, mu kuma sai a jera ashirin mutane su hau sama, ana cewa ai Fijo ce. Sifirin ya karye a je a ƙara ganye, to shasi fa da birki, su ma an ƙara musu? In ka ɗauki takin zamani ko dabbobi ka wanke bayan ranar, taki da fitsarin awaki suna cin ƙarfe ba kaɗan ba, tawa da muka ɗaga tabarmar roba da Baffa ya shimfiɗa sai ga rami har kana hango ƙasa, sai da mai walda ya yanke ya sa sabon faranti.

Fentin dai har yanzu ban yi ba, tana nan da farinta da ya koma ruwan ƙasa da lotsawar da Baffa ya yi mata a ƙofar hagu. Wata mai zuwa kuloci zan canza, ya fara zamewa in ta hau gada da kaya.